Buhu a Ɗaure

Shekarar da tsuntsaye suka cinye mana gero ina 'yar shekara tara, a ƙauyenmu da ke gefen Kekun Waje. Abin da Baba ya zuba a rumbu duk zangarniya ce da tsuntsu ya tsattsage, ko rabi bai kai ba. Dami ɗaya tak ya tsira da kyansa. Shi Baba ya rataye a ɗakinsa, don shi ne irin da za mu shuka in damina ta dawo.

Al'adar garinmu kuwa, Juma'ar farko bayan kaka kowane magidanci yakan kai wa masallaci hatsi. Da shi ake sayen kananzir da tabarmi, a ba liman nasa, a ajiye saura don mabukata. In an sallame sai ladan ya miƙe yana kiran suna: wane dami uku, Allah ya saka, wane dami biyar. Wanda bai kawo ba, sai a kira sunansa a yi shiru. Wannan shirun Baba ke tsoro fiye da yunwa. Ran Laraba na ji shi yana gaya wa Inna, "Irin zan kai. Ba a kiran sunan gidan ubana a yi shiru."

Inna ta ce, "Malam, to mi za mu shuka?"

Ni kuwa ranar ko tuwo ban ci ba.

Kakarmu Iya, mahaifiyar Baba, ita ke tara mu bayan isha'i a bakin wutar ɗakinta, muna gasa gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Tana yarinya iyayenta suka tafi da ita Makka a ƙasa, suna tafe suna tsayawa neman guzuri, shi ya sa labari ba ya ƙare mata. A daren nan sai ta jawo tabarmarta bakin ƙofa, daidai zanan da Baba ke zama a bayansa, ta ɗaga murya kamar mu kurame ne.

Ta ce, "Ga ta nan, amma ta yau ba ƙarya ciki, da idona na gani. Ke ƙawata, bar muzurai ki ci gyaɗarki."

Wai a Sudan suka yada zango shekara biyu, aka sa ta aikin wanki gidan wata Bayahudiya mai suna Rahila, matar wani mai sayar da yadi. Matar na da wani gwangwani mai 'yar tsaga a sama. Duk Juma'a kafin rana ta faɗi, kafin ta kunna kyandir, sai ta jefa kwabo a ciki. In ya cika a kai ɗakin ibadarsu, a sayi man fitila, a ba malaminsu, a ciyar da talakawansu.

Ana nan sai gobara ta cinye shagon mijin ƙurmus. Kwana uku ba a ɗora tukunyar kirki a gidan ba. Ran nan wani dattijo daga ɗakin ibadarsu ya zo da akwati a rufe, ya ajiye a tsakar ɗaki, ya juya ya tafi. Al'adarsu ke nan: akwatin ya kwana a gidanka, in kana da shi ka ƙara, in ba ka da shi ka ɗiba. Gobe a ɗauka a kai gidan gaba, ba mai buɗewa ya duba.

Yayana ya ce, "Iya, ba a sacewa?"

"Kai dai da ka girma a yi hattara da kai! Mi za ka sata, abin da anka ce naka ne?"

Ta ce ta ga Rahila na kuka tana ɗiba. Amma da Juma'a ta zagayo, sai ga ta gaban gwangwani, ta jefa ɗan ƙaramin kwabo. Iya ta tambaye ta, ke da ake taimako? Matar ta ce a wurinsu ko mai karɓa yana bayarwa, sai dai an hana mutum ya ba da abin da zai mai da shi mabaraci gobe.

Iya ta ƙara ɗaga murya. "Addininsu daban, namu daban, amma wannan kam mu ma an gaya muna. Wanda ya kai irin shukarsa masallaci don a kira sunanshi, ba Allah ya ba, ladan ya ba. Ƙurungus, mai kunne a bayan zana ya ji."

Muka ji Baba ya yi gyaran murya, ya tashi ya shige ɗaki. Wallahi na zaci Iya ta ɓata abin gaba ɗaya, don Baba in an taɓa shi gaban yara sai ya ƙara taurin kai.

Da safe Iya ta ɗauki sandarta ta nufi gidan liman, wanda ƙanen ƙawarta ne, ta taɓa goya shi. Ban san abin da ta gaya masa ba. Ta dawo dai tana mita ita kaɗai. Yinin Alhamis nan sau nawa na leƙa ɗakin Baba in ga ko damin na nan, Allah kaɗai ya sani.

Ran Juma'a da asuba liman ya yi sanarwa: bana ba dami, ba kiran suna. Kowa ya shiga ɗakin ajiyar masallaci shi kaɗai da buhunsa a ɗaure, mai shi ya ƙara, marar shi ya ɗiba, ya fito da buhunsa a ɗaure. Wasu masu hali sun yi gunaguni har a kasuwa. Baba ya saɓa buhu ya fita. Na ruga ɗakinsa. Damin na nan a rataye. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka, ban san ma dalili ba.

Mun shuka irin nan, ya kuwa yi kyau. Bayan na girma na taɓa tambayar Baba, ran nan ƙarawa ya yi ko ɗiba? Ya harare ni ya ce, "Ba a ɗaure kika ga buhun ba?"

Yanzu shekara uku ke nan muna Tudun Wada a Gusau, ɗaki ɗaya ni da yara biyar, tun da 'yan bindiga suka hana mu gona, hawan jini kuma ya tafi da maigidan. Lokacin da nake da 'yar sana'a ni na kawo wa matan masallacin unguwa shawarar roba mai murfi, ta hatsi, ta riƙa kwana gida gida. Ina alfahari da ita, don a zatona ni kullum mai ƙarawa ce. Ashe ban fahimci rabin labarin Iya ba.

Makon jiya robar ta iso ɗakina, ranar da ko tsaba babu. Na kori yara waje, na daɗe zaune ina kallonta, kunya kamar ta kashe ni alhali ba kowa. Na yi abin da zan yi. Kafin in rufe, na tuna ɗan kwabon Rahila, na cika tafin hannuna daga abin da na ɗiba na mayar.

Da safe ƙaramar 'yata ta ga za a ɗauki robar, ta ce, "Inna, kin ƙara ko kin ɗiba?"

Na ce, "Ba a rufe kika gan ta ba? Zo ki hura mini wuta."