Ma'aruf Mai Soso na Rimaye

Da audugar rimi Ma'aruf ya buɗi ido. Mahaifinsa, Malam Jaji na Rimaye, ɗinkin katifa da matashin kai yake yi, shi kuma ya gwanance wajen cusa auduga. Da kuɗin fetur suka fara yawo, wajen 1974, sai ya tafi Kano ya samu aiki a wata masana'antar katifar soso.

Ranar farko ya ga abin da ya tsaya mashi a rai. Aka zuba wani ruwa mai kauri kamar zuma a wani akwati, aka ɗiga ruwan sha kaɗan, sannan aka kawo wani mai warin da ke shaƙe ƙirji, sai an rufe hanci. Ana damawa abu ya taso, yana zafi yana kumbura, ya cika akwatin har ya yi tozo.

Ya kama hannun Kabo, shugaban aikinsu, ya ce, "Wa ya hura shi?"

Kabo ya yi dariya. "Ba kowa. Mai warin nan sunansa isosayanet. In ya gamu da mai kaurin, sai su kama juna su zama jiki guda. In ya gamu da ruwa, sai ya saki iska. Ita ke yin ƙofofin nan na jikin soso."

Da salla ya zo gida da labari, Malam Jaji ya ce, "Ruwa ya zama katifa? Kano ta koya maka zuƙi."

Zuwansa na biyu sai ga shi da kwalabe. Ya sa kowa ya matsa baya, ya dama a ƙwarya a tsakar gida. Ɗoki ya sa ya zarce da ruwa. Soso ya yunƙuro ya tsallake ƙwaryar, ya malalo ƙasa yana huci. Inno, mahaifiyarsa, ta yi ɗaki da gudu tana salati, kaji suka watse.

Da ya huce, Malam Jaji ya zungure shi da sanda, ya danna da hannu, sannan ya zauna a kai. Ya daɗe bai tashi ba.

"Ai wannan tsirara yake," in ji shi. "Kawo mani awonsa in ɗinka mashi riga."

Shekara shida Ma'aruf ya yi a Kano, ya dawo suka buɗe rumfa a kasuwar Kankia. Yana yankan soso, tsoho yana taka keken ɗinki. Daga Fakuwa, daga Bauranya, har Kusada, ake zuwa da jaki a ɗauki katifa, wasu kuma su zo don kawai su danna su ji.