Doguwar da ke zaune a bayan motar Alhaji

Shekara talatin na yi ina kwance ƙarƙashin motocin mutane a Dogon Dutsi. Da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da Ilu direba ya shigo garajina da motar Alhaji Maigero tana tafiya a karkace ba. Damina ce, shekara shida ko bakwai ke nan, kafin ciwon gwiwa ya sa in bar wa ƙanena garajin.

Motar tsohuwa ce, ƙirar Faransa. Gefen dama na baya ya durƙusa, ko babu kowa a ciki sai ka rantse wani na zaune a wurin. Ilu ya fito ko gaisuwar kirki babu, ya kira ni yadda ake kiran mai garaji a wajenmu, ya ce, “Patoro, ka cece ni. In ba ta miƙe ba kahin Juma'a, aikina ya tahi.”

Ashe sau uku cikin shekara guda ana canza amartisar ɗin wannan kusurwa a garaji daban-daban, duk wata biyu sai ta mutu. Shi kuma Ilu mutumin Lugu ne, garin da ya yi suna da iskoki, sai gari ya ɗauka cewa doguwa ce, aljana, ta biyo shi daga gida, ita ce ke zaune a baya. Babban ɗan Alhaji, Malam Nasiru, ɗan kasuwa ne cikin samarin nan da ba su son jin ko sunan iska. Ya ce ko Ilu ya cusa laya a motar, ko yana cire sababbin kaya yana sayarwa, kowanne ne dai ya tafi. Har kujera suka cire suna neman laya. Ilu kuwa shekararsa ashirin a gidan, ga iyali bakwai.

Na ja shi gefe na ce, “Tsakaninka da Allah, babu hannun mutanenku?”

Ya ce, “Haba Patoro. Doguwa da darajarta, mi za ta yi cikin wagga akwala? Ko gilashinta ba ya sauka.”

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, amartisar ita ce ƙafar ƙarfe da ke tsakanin taya da jikin mota, da murɗaɗɗen ƙarfe kewaye da ita, su ke shanye duka in an faɗa rami. Gwajinta ba wuya: ka danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki. Mai lafiya za ta taso sau ɗaya ta tsaya. Ta Alhaji sai da ta yi rawa har na gaji da kallo. Kuma ba a canza ɗaya, biyu ake sawa, hagu da dama. Kafin ka zaɓa, maigidan da ya koya mini aiki ya ce ka yi tambaya uku: wace hanya motar ke bi, wane kaya take ɗauka, wa ke zama ina.

Hanya na sani, ta Kore Mairuwa ce da ƙauyukan Tibiri. Kaya buhu ɗaya ne ko biyu. Tambaya ta uku kuwa duk makanikan garin sun san amsarta, bakin faɗi ne babu. Alhaji mutum ne da Allah ya yi wa faɗi, masha Allah, kuma tun da ya sayi motar bai taɓa zama ko'ina ba sai wannan kusurwa.

Washegari da hantsi Alhaji ya zo da Malam Nasiru. Na shimfiɗa buhu na jera musu iri uku: sabuwa mai ƙyalli da araha da ake kawowa daga Kamba, tsohuwa ta asali daga Kotono, da wata mai kauri da ake sa wa motocin ɗaukar kaya irin ƙirar. Alhaji ya nuna mai ƙyalli da sanda ya ce, “Sa wagga, guda ɗaya.”

Na so in bi maganarsa kawai, don manyan motocinsa biyu ni ke gyara su. Amma na dubi Ilu tsaye yana murza hula, tausayinsa ya kama ni. Na sa yatsu tsakanin taya da jikin mota: hagu huɗu, dama biyu. Na roƙi Malam Nasiru ya shiga ya zauna a baya ta dama, yatsu biyun suka shiga da ɗan matsi. Sannan na ce, “Alhaji, don Allah zauna inda ka saba.” Ya zauna, motar ta yi nishi. Ko ɗan ƙaramin yatsana bai shiga ba.

Mai shayin bakin ƙofa ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Alhaji ya ce, “Garba, mi kake son ka ce?”

Na ce, “Ni ban ce komi ba, Alhaji. Mota ce ta hwaɗi.”

Da ya fito daga motar sai ya ce, “Sa masu kaurin, guda biyu.” Ya juya wajen ɗansa ya ce, “Ilu na nan.” A makon ya kwashe manyan motocinsa ya kai wani garaji, kuma na ji zafin abin ƙwarai.

Motar ta miƙe sarai. Sai ga labari daga kasuwa, wai Alhaji na gaya wa kowa Garba makanike ya cire masa doguwa daga mota. Malam Nasiru ya rasa inda zai sa kansa: in ya yi shiru ya yarda da iska, in ya yi magana ya tona ubansa. Aƙida ta rinjaya. Da kunnena na ji shi a bakin masallaci yana cewa, “Jama'a, ku ji tsoron Allah, babu wata doguwa. Nauyin Baba ne.”

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne in mota ta lalace mai ita ya fi son a ce iska ce, ko direba ne, da a ce shi ne. Ku yi tambayoyin nan uku kafin ku taɓa ƙarfe, ta ukun ku yi ta a keɓe, kada ku yi irin tawa. Ilu har yau shi ke tuƙa motar. Ya ce mini yanzu Alhaji dama yake zama in za su tafi, hagu in za su dawo.