Rawayar ƙwaya da kwalin Rabi

Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ba ku ji ɗuriyata ba, har na ji ana cewa Alhaji Ɗanlami ya tsere da shanun mutane. Ban tsere ba, jinya na yi.

Na daɗe ina shan maganin hawan jini, farar ƙwaya. Mu dillalan shanu na Zongo da launi muke gane kaya, saniya ce ko magani. Ina saya sai in yar da kwali, in juye ƙwayoyin a leda, in cusa a aljihu.

Rannan a farmasi aka ce farar ta ƙare, ga rawaya, aikinsu ɗaya. Na haɗiye na fita kasuwa.

Ana tsakar ciniki jikina ya hau ƙaiƙayi. Leɓe ya kumbura, harshe ya cika baki, wuya kamar an zarga mini igiya. A kan zemijan, wato babur ɗin haya, aka kai ni asibiti, ƙanina Sani na riƙe da ni ta baya.

Allura, ƙarin ruwa, ɗibar jini. Aka ce wani abu ne jikina ya ƙi, muka ɗora laifin a kan kifin da na karya kumallo da shi. Kwana biyu aka sallame ni.

Washegari na sake shan rawayar.

Wannan karon a zuci na yi kalmar shahada, bakin ya ƙi motsi. Wallahi na ji tsoro.

Da na farfaɗo a asibiti likita ya ce, "Alhaji, me ka sha?"

Na ce, "Rawaya."

"Rawaya ba suna ba ne. Ina kwalin? In ban gano abin ba, na uku zai iya tafiya da kai."

Ni da na yar? Sai matata Rabi ta miƙe ta yi gida. Ashe ta tsince shi tana ajiye allura da zare a ciki. Rabin da kullum nake yi wa faɗan tara tarkace!

Likita ya karanta ya ce da alama ba maganin ba ne, rinin da ake shafa wa ƙwayar ne. Ba ya warkar da komai, launi ne kawai. Gwaji ya tabbatar.

Jinyar ta ci bijimi guda, amma alhamdulillahi na miƙe. Sani, likita, masu addu'a, Allah ya saka.

Don Allah kada ku yar da kwali. In launin magani ya canza, ku tambaya. In baki ya kumbura, asibiti kai tsaye.

Jiya Rabi ta tsinci gwangwani, ta ce, "Alhaji, in yar?" Na ce ajiye abinki, Hajiya.