Baƙin Liƙin Tulun Kufai

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, mai gari ya ba ni wani kufai a kudu da Tudun Wada, inda ake hango duwatsun Doguwa, in noma gyaɗa. Ita ce gonata ta fari, ba ni da wata. Ina cikin sharar gona da hantsi sai fartanyata ta daki wani abu. Na tona a hankali, sai ga tulu a kife, ya tsufa har ya koma kalar ƙasa. Akwai tsaga daga wuyansa zuwa ciki, an bi ta da wani baƙin abu mai tauri.

Abokina da ke taya ni aiki ya ja da baya. Ya ce, "Busasshen jini ne wannan. Asiri aka binne. Ka bar gonar nan tun kana da ƙafafunka." Ni kuwa na tsuguna ina bin tsagar da yatsa daga dama zuwa hagu, wai ko rubutu ne. Har na fara ganin lam da alif a ciki. Allah ya yafe mana ƙuruciya.

Na yi bisimilla na ɗauko tulun gida. Mahaifiyata ta kankari baƙin da wuƙa ta jefa a ruwa, bai narke ba.

"To, ba irin ƙaron da kuke sa wa tawada ba ne," in ji ta.

Ta ɗora wani a kan garwashi. Siririn hayaƙi ya miƙe, ƙamshi ya cika tsakar gida kamar an buɗe ɗakin amarya. Ta lumshe ido, sannan ta ce:

"Kakin zuma ne da ƙaron maje, an haɗa da garin gawayi. Haka kakata take liƙe tulu. Malam, mai binne asiri sabuwar tukunya yake nema. Wa zai zauna yana yi wa aljani liƙi?"

Sannan ta nuna mini shatin babban yatsa a jikin liƙin, ɗan ƙarami, na mace.

Washegari na koma gona, na shuka gyaɗata.

Har yau nakan tuna matar nan. Garinsu ya shafe, ganuwa ta kwanta, ba mai sanin sunanta, amma na shaƙi abin da ta shaƙa ranar da ta ƙi yar da tulunta. In na ɗaga hannu ina yi wa waɗanda suka rasu addu'a, nakan ƙara da cewa, "Har da mai tulun, ya Allah, kai ka san ta."