Walima a Zauren Injuna

Har yau in na tuna walimar auren 'yata sai raina ya ɓaci, kuma da mutanenmu nake fushi.

Babana ne ya zaɓi wurin. Yana saurayi rundunar sojan ruwa ta turo shi ƙasar Turawan nan koyon gyaran inji, a wata tashar ƙera jiragen yaƙi da ke bakin teku. An daɗe da rufe ta. Inda ake walda a da yanzu shagunan takalma ne, ramin da ake shigar da jirgi a gyara an kewaye shi da kujerun shan kofi, babban zauren injuna kuma haya ake bayarwa don biki. Baba ya zo wurina a unguwar Moss Side ta Manchester ganin likita, da ya ji haka ya kafe, a zauren nan yake so ya yi wa jikarsa addu'a.

Na ce, "Baba, ga ɗakunan taro birjik a Manchester."

Ya ce shi dai can.

Tun farko mai kula da zauren ta gaya mini ginin tsoho ne, an ƙayyade yawan mutane saboda gobara, ko mutum ɗaya ba a ƙarawa. Na bi dangin ango na unguwar Sparkbrook ta Birmingham a waya ina roƙonsu kada su zo da wanda ba a gayyata ba. Kowa ya ce, "Haba Hajiya, ba komai."

Ranar biki sai ga manyan motoci daga Birmingham, maƙil. Wadda aka gayyata ta zo da maƙwabciyarta, maƙwabciyar ta zo da 'ya'yanta da baƙuwarta. Wasu har ta ƙofar kicin suka shige. Baba kuwa yana waje da sandarsa, yana nuna wa mijina inda suke ɗaure jirgi, sannan ya tsaya ya yi azahar. Kafin ya iso ƙofa mai gadi ya tare ta. Na ce ni zan fita Baba ya shiga. Mai gadin ya ce an riga an wuce ƙa'ida, sai mutane da yawa sun fita.

Na bi tebur-tebur ina haɗa su da Allah wasu su fita. Wallahi kowa ya sunkuyar da kai cikin faranti. Wata da ban taɓa gani ba ta ce, "Yanzu fa na zauna, Hajiya." Na juya na nufi ƙofa.

Da na dawo, Baba ya gaji da tsayuwa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa a bakin ƙofa, kiɗa bai bari kowa ya ji ba, ni da mijina kaɗai muka shafa. Ya leƙa ta gilashi ya daɗe yana kallon rufin.

"An yi masa fenti," in ji shi. Sai ya ce a kai shi mota.

Bayan biki ya koma Kano, kuma ƙafarsa ba ta sake barinsa ya yi doguwar tafiya ba.