Jar Safar Da Ba Ta Ƙafa Ba

Ko zan manta duk saƙar da na yi a rayuwata, ba zan manta wata jar safa da na saƙa lokacin da muke haya a Tudun Ƙofa ba. Sana'ata ce saƙa hulunan jarirai da safa, kuma a lokacin ina ji da kaina, gani nake babu abin da ake yi da zaren ulu wanda ban sani ba.

Maƙwabcinmu wani bakanike ne ɗan kudu. Matarsa ta rasu da damina, ta bar masa yarinya ƙarama, wadda tun rasuwar ta daina shigowa wasa da 'ya'yana. Ana gab da Kirsimeti ya yi sallama, ya miƙo mini leda cike da jan zare, ya ce safa yake so. Na ce ya turo yarinyar in gwada ƙafarta. Sai ya girgiza kai, ya ware hannuwa ya nuna mini wani girma kamar na matashin kai.

"Ɗaya kawai, Mama," ya ce. "Ba na ƙafa ba ne."

Ya ce marigayiyar tana da irinta, amma ta ɓace a hidimar kai gawa gida, yarinyar kuma ta kafe a kan in babu safar, ita babu ruwanta da Kirsimeti. Ko abinci da ƙyar take ci. Kafin in buɗe baki aka kira shi gareji.

Kaina ya ɗaure tamau. Safa ɗaya, kuma ba ta ƙafa ba, to ta ina ce? Maigidana ya ce ƙila wani ne a danginsu yake fama da tundurmi suna jin nauyin faɗa. Matar mai gidan hayarmu ta ce ƙila marigayiyar ƙafar roba gare ta, alhali duk mun sha ganinta tana tsallake kwata da silifas. Ƙanwata da ta zo daga Garaku kuwa ta rantse a ciki ake karɓar baiko a coci. Kowa da tasa, ni kuma na kasa komawa in titsiye mai makoki da tambaya.

Sai na yi abin da na iya. Na fitar da diddige tsaf, na ninka tafin don kada ya yi saurin cinyewa. Da na gama na shimfiɗa ta a tabarma, sai na ga kamar rabin aiki na yi. Tunda nake ban taɓa ba mutum safa wari ɗaya ba, hannuna ya ƙi. Na zauna na saƙa mata 'yar'uwa.

Ana gobe Kirsimeti da hantsi na kai masa. Yana ganin biyu ne fuskarsa ta canza.

"Ɗaya na ce, Mama," ya faɗa a hankali. "Yanzu yarinyar za ta ce ɗayan na wane ne?"

Kafin in ɓoye ta biyun, yarinyar ta fito. Ta ɗauki guda ta rataye a wata ƙusa kusa da taga, a nan uban ya raɗa mini cewa kyauta ake zuba wa yaro a ciki, ya wayi gari ya gani. Ashe duk ninkin tafin da na yi, bango na yi wa. Ta biyun kuwa ta riƙe ta a ƙirji, ni ko na rasa inda zan sa kaina. Can ta ce wa uban ya kafa wata ƙusar.

"Na mamanki ne?" ya tambaye ta.

"A'a, naka ne. Kai ba mai sa maka komai."

Mutumin nan ya ɗauki guduma ya juya mana baya, ya daɗe yana buga ƙusar da ta riga ta shiga. Da la'asar yarinyar ta shigo gidanmu, karon farko tun damina, tana neman wanda zai raka ta sayen ƙuli-ƙulin da za ta zuba masa.

Har yau ban gane abin da ya haɗa kyauta da safa ba, kuma na daina tambaya. Abin da na koya daban ne. Tun rasuwar, duk unguwa marainiya muke tausayi, babu wanda ya tambayi uban yaya yake kwana, har ni da nake katanga ɗaya da shi. Tun ranar, in na je gaisuwa, sai na nemi wanda yake tsaye yana hidimar kowa, na zauna kusa da shi.