Bututun Man Giya na Motar Baba

Bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya saki Baba, hannunsa ya dawo amma ƙafarsa ta hagu ba ta dawo ba. Janta yake yi. Shi ya sa ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayi wata ƙarama mai giyar otomatik, wadda ba ta da kuloci. Ƙafar dama kaɗai take buƙata, ta taka totur ta taka birki. Da ita yake fita daga gidanmu a Ajingi kowace safiya zuwa wata Islamiyya da ke wani ƙauye a hanyar Gaya, inda yake koyar da fiƙihu tun kafin a haife ni. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya dafa bango. Amma da ya zauna a bayan sitiyari, ba wanda zai ce wani abu ya taɓa samunsa.

A shekarar da nake magana ina gida, makarantarmu tana yajin aiki. Ba ni da abokan yawo, don haka a gindin dalbejiyar da ake ajiye motar nake karatu. A nan na ga ɗigon jan mai a kan yashi. Man inji baƙi ne, wannan kuwa ja ne kamar zoɓo. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. Siraran bututun ƙarfe biyu ne suka taso daga giya zuwa gindin lagireto. Ɗaya yana kai mai da zafinsa ya huce, ɗayan yana dawo da shi. Na farkon tsatsa ta cinye shi daidai inda taɓon damina yake maƙalewa.

Na karanta duk abin da na samu a waya, sannan na faɗa wa Baba a hankali, ina kallon tabarma.

"Idan man ya ƙare fa?" in ji shi.

"Giyar za ta ƙone, Baba."

"To a ajiye ta. Ɗalibai ba za su gudu ba."

Na kwance bututun da kaina, na ɗaure bakunan da leda don kada yashi ya shiga, na hau mota zuwa Gaya. Akwai wani bakanike can kusa da tasha, mutum mai fara'a da yawan tsokana. Ya juya bututun a hannunsa ya ce sabo irinsa sai dai a haɗa, kuma miƙaƙƙen ƙarfen ma sai an aika direba ya sayo a Kano. Na kwana gidan gwaggona.

Washegari muka yi aikin. "Ɗan boko, hannun nan naka ya taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi?" Haka ya fara. Amma da ya ga ina auna kowace lanƙwasa da zare, sai ya bar mini. Muka cika sabon bututun da busasshen yashi muka toshe bakinsa, don kada ya ƙulle a wurin lanƙwasawa. Na riƙa naɗa shi a jikin wani guntun ƙarfe kaɗan-kaɗan, ina ɗora shi kan tsohon ina dubawa. Na ɓata na farko, ya matse a kwana ta uku. Na biyun ya fito. Shi ya buɗa bakunan yadda noti zai kama, ni kuma na zazzage yashin, na wanke cikin da fetur har sai da abin da ke fitowa ya zama garau. Na sake wankewa.

"Kai, ba akushin ango ba ne," in ji shi. "Tafi ka sa wa tsoho motarsa."

Na rungumo bututun a cikin mota kamar jariri, ina kare shi daga buhunan mutane. Ranar kasuwar Ajingi ce. Da na iso gida, babu mota a gindin dalbejiya, sai sawun taya da wani jan tabo a ƙasa.

Baba yana zaure. Bai ɗago ba ya ce, "Baffanka ya zo."

Baffa ƙanin Baba ne. Tun da ciwon ya zo, shi yake nome mana gonarmu ta Gafasa tare da tasa, kuma ba ya bari a manta. Yana da gyaɗa da yake so ta riski kasuwa. An gaya masa motar a kwance take, ya tafi ya ɗauko wani mai gyaran injin ban ruwa. Mutumin ya duba, ya ce ai wannan ba aiki ba ne. Ya cire ɗaya bututun ma, ya ɗauki guntun tiyo ya haɗe bakunan giyar biyu da juna, ya ɗaure da waya, ya ƙara mai. Mai ya daina zuba. Ya kuma daina zuwa lagireto. Yana fita da zafinsa yana komawa da zafinsa.

"Ba ka hana ba, Baba?"

"Na gaya masa ka tafi haɗo nata bututun. Ya ce gyaɗar da za a ɗauko har da tamu a ciki."

Na kira Baffa a waya. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce don Allah ya tsaya inda yake, man ba ya hucewa.

"Malam mai littafi! Mota tana gudu kamar an sake ta. Wannan sawu na uku ke nan. Ka gaishe da Yaya."

Hanyar gonar yashi ce, kuma ya cire kujerar baya ya loda buhuna har rufi. Bayan la'asar aka jawo motar da igiya a bayan wata a-kori-kura. Na zaro ma'aunin man giya. Jan nan ya koma kalar dafaffen shayi, yana warin ƙonannen tuwo.

Da bakaniken Gaya ya buɗe ta, bai yi tsokana ba. Ya ce giyar ta tafi. Wata irinta akwai, amma sai an sha wuya, ga tsada. Ta hannu kuwa tana nan birjik, a huda wurin kuloci a sa.

A zaurenmu aka yi shawarar, Baffa da manyan 'yan uwa. Ni ina bakin ƙofa, na ce idan aka sa kuloci Baba ba zai iya tuƙa ta ba. Kowa ya san haka, amma ni kaɗai na faɗa.

"Ai Yaya ya kai lokacin hutu," in ji Baffa. "Mutum da ƙanne da 'ya'ya yana fama da sitiyari? Ni zan riƙa kai shi. Kuma otomatik ɗin nan motar birni ce, ba ta da jimiri. Ɗan sawu uku ta mutu."

Aka yi ta gyaɗa kai. Aka ce Allah ya saka wa Baffa da alheri, tun da shi ya ce zai ɗauki nauyin rabin gyaran. Baba ya ce amin tare da kowa.

Da aka sa giyar hannun, makon farko Baffa ya kai shi kullum. Daga nan sai ranar kasuwa ta hana, sai ɗaurin aure, sai kai taki gona. Baba yakan shirya tun da hantsi, da hularsa da littafinsa, ya zauna a zaure har rana ta take. Motar ta fara kwana a ƙofar gidan Baffa, wai don sauƙin fita da asuba. Kafin damina ta zagayo, Islamiyyar ta ɗauki wani matashin malami. Sun aiko da turmin yadi da godiya.

Tun kafin haka na koyi tuƙin ta hannun don in riƙa kai shi, amma sai aka janye yajin aiki. Sau ɗaya na zauna a baya Baffa yana tuƙa mu zuwa Juma'a. Duk lokacin da muka tunkari rami, ina ganin ƙafar Baba ta dama tana danna ƙasan motar, inda babu komai.

Ana gobe zan koma makaranta Baba ya ce in kawo masa bututun da na haɗa ya gani. Ya bi kowace kwana da babban yatsansa, ya ɗaga shi ya hura, iska ta fita ta ɗaya bakin ba tare da tsayawa ba.

"Ko'ina bai matse ba," in ji shi. "Da ya zauna daidai."

Giyar hannu ba ta da inda za a ɗaura shi. Na rataye shi a ƙusa a zaure. Da na dawo hutu ba ya nan. Na same shi a hannun yaran Baffa, sun miƙar da rabinsa suna gara tsohuwar taya da shi a bakin titi.